Zuciyar Wuta

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Na share garejin yau. Tunda motata ta tafi wurin ya zama ɗakin tarkace, duk wanda ya rasa inda zai jefa abu sai ya cilla can: tsohuwar fanka, katifar da ta mutu, robobin fenti, har da keken da ba a sake hawa ba tun yara suna ƙanana. Na kwashe su duka na jibge a tsakar gida. Uwar yara ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Malam, hutun da aka ce ka yi ke nan?"

Na ce mata wanda ya gaji shi ke hutu, ni ban gaji ba.

Na yanke shawara zan kafa wurin walda a nan gida. Waldar gas, wadda na tashi a cikinta tun ban da gemu. Kamfani sun ce in huta, sun yi min kalamai masu daɗi, sun haɗa min da agogon bango. To na gode. Amma yanzu abu biyu ne a gabana: ko in sake riƙe wuta a garejin nan, ko in zama tsohon da ake fitar wa da kujera inuwa da safe a mayar da shi ɗaki da yamma. Na biyun nake tsoro, kuma ban taɓa jin tsoron wani abu kamarsa ba.

Saura in zaɓi kayan aiki.

Talata, 4 ga wata, da rana

Hanya uku ce, na juya su a kaina har na gaji.

Akwai ɗan ƙaramin kan wuta na hannu, wanda ake ɗaura wa gwangwanin gas. Ka murɗa, ka danna, wuta ta fito, ba ruwanka da saiti. Yana narka dalma, yana liƙe siririn bututu. Wannan na masu gyaran famfo ne, ban raina su ba, amma ba walda ba ce.

Akwai gas ɗin girki a haɗa da oksijin. Yana yanka ƙarfe, yana liƙe da tagulla, amma ba ya narka baƙin ƙarfe biyu su zama ɗaya yadda ya kamata. Ga shi da nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana jiran wanda zai ƙyasta ashana. Garejin nan kuwa taga ɗaya gare shi, can sama, kuma bango ɗaya ya raba shi da ɗakin uwar yara.

Sai asitilin da oksijin, manyan tukwane biyu, tiyo ja da shuɗi, agogon awon gas a kan kowace tukunya. Wannan ita ce walda. Ita ce kuma mai son a kalle ta, don kai za ka saita wutar da idonka.

Na san wadda nake so. Ban san me ya sa nake ta lissafo sauran ba.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Na je shagon Dogo a layin masu ƙarfe. Uwar yara ta ce za ta raka ni, wai tana da sayayya a wajen. A layin masu ƙarfe fa, inda babu komai sai rodi da kusoshi. Na ƙyale ta. Da za mu tsallaka titi ta riƙe min hannun riga, na fizge, ta sake riƙewa, ban ƙara fizgewa ba.

Dogo yarona ne a da, ni na koya masa walda, ko in ce na yi ƙoƙarin koya masa. Hannunsa rawa yake a kan ƙarfe sai ka ce mai yayyafa gishiri. Da ya gane ba zai iya ba ya koma sayar da kayan gas, kuma Allah ya buɗa masa a can. Yanzu har furfura gare shi, amma da ya gan ni ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Maigida, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ji a jikina ba ni yake kallo ba, ita yake kallo a bayana. Sai ya shiga ciki ya fito ya ɗora min wani abu a tafin hannu. Ɗan kan wutar nan ne na gwangwani.

Ya ce, "Sabon shigowa ne, Maigida. Ba nauyi, ba tiyo, ba saiti. Ga aikin gida babu kamarsa."

Na ce, "Dogo, ni ka miƙa wa wannan? Kyandir ya ƙare a shagon ne?"

Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Na ajiye masa abinsa a kan kanta, ko in ce inda na zaci kanta take, ya faɗi ƙasa. Shi ya durƙusa ya ɗauka. Wani ya je masa da maganata kafin in je, kuma na san ko wace ce. Har muka dawo gida ban ce mata uffan ba.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Biro na zamanin nan ba sa baƙi. Na sa an sayo min alƙalami mai kauri, irin wanda ake rubutu da shi a jikin kwali.

Asabar, 8 ga wata, da rana

Ba ta yi min magana a kan Dogo ba, ni ma ban yi ba. Ta kawo shayi ta ce yana hannun damana. Tun yaushe ake faɗa min inda shayi yake? Tun watannin baya, in na yi gaskiya. Yau ne dai na ji zafin abin.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Asibiti. Likitan yaro ne, da kaɗan ya girmi 'yarmu Auta. Ya ba ni takarda mai layi-layi ya ce in rufe ido ɗaya in kalli ɗigon tsakiya. Na ce masa takardarsa ba a buga ta daidai ba, layukan sun lanƙwashe, kuma babu wani ɗigo. Ya ce to Baba. Ya yi rubutu mai yawa.

Abin da ya faɗa daga baya ba zan rubuta ba. Na tambaye shi batun walda, ya ajiye bironsa ya fara da "gaskiya Baba", ni kuma na miƙe na ce mata mu tafi.

Talata, 11 ga wata

Ban fita ba.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Na tashi da tunanin maigidana, wanda ya koya min aikin nan. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗa, ɗan guntu, hannunsa duk tabon ƙuna. Wata guda bai bar ni na taɓa ƙarfe ba, wuta kawai nake kunnawa ina saitawa. Ka buɗe gas, ka ƙyasta, ta fito ja tana hayaƙi. Ka sakar mata oksijin a hankali, ta yi shuɗi, sai ka ga wani ɗan tsini mai haske a bakin kan, da farar geza ta kewaye shi. Ka ci gaba da saki har gezar ta shige cikin tsinin ta ɓace, nan za ka tsaya. Wannan tsinin yake kira zuciyar wuta. In ka bar geza, ƙarfe ya yi gautsi. In ka wuce, ka ƙone shi. Yakan ce duk sauran wutar ado ce, da zuciyar ake aiki, in kuma ya ga idona ya kauce daga kanta sai in ji ranƙwashi.

Shekara da shekaru ina saita ta ina hira da mutane, ban ma san ina kallonta ba.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Na koma wurin Dogo, ni kaɗai. Na bari sai da ta shiga wanka na sulale. Wani bawan Allah ya tsallakar da ni titi, ban roƙe shi ba.

Na ce wa Dogo a kunna min in gwada. Ya kai ni bayan shago, ya fara da na gas ɗin girki, yana ta yabonsa, wai ko'ina ana samun cikowa. Na ce ya daina ɓata min lokaci. Ya ja numfashi ya jawo asitilin.

Da kan wutar ya shiga hannuna jikina ya tuna komai. Na buɗe gas, warin nan na tafarnuwa ya bugi hancina, wallahi sai da ƙwalla ta taho min. Na ƙyasta, ta kama. Na saki oksijin. Na ji sautin ya sauya daga fuu zuwa siririn shii, na ga shuɗi a gefe da gefe, amma inda zuciyar take babu komai sai wani toka-toka. Na karkata kai na kalli bango, sai na ɗan hango ta ta wutsiyar ido. Da na juyo in kalle ta sosai ta sake ɓacewa.

Na ce, "Bakin kan nan ya toshe."

Ya ce, "Sabo ne, Maigida."

"To gilashin ya yi duhu da yawa."

Ya ce a hankali, "Ƙara oksijin kaɗan, gezar na nan."

Dogo ne yau yake faɗa min geza na nan. Ban ji haushinsa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan, baƙin ciki kawai na ji. Na kashe na miƙa masa na ce wannan nake so, tukwane biyu, tiyo, agoguna, kai da bakuna, komai. Ya fara "amma Maigida", na ce ko ya sayar min ko in je shagon gaba inda ba a san ni ba. Ya ce zai kawo da kansa, da sharaɗi ɗaya, sai ya sa makarin da ke hana wuta komawa cikin tiyo, a bakin agogo da kuma bakin kai. Na ce ya sa goma ma in yana so.

Na tarar da ita a ƙofar gida da mayafi, za ta fita nemana. Ta kalle ni ta koma ciki.

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Auta ta bugo waya daga garin mijinta. "Baba, Mama ta ce za ka sayi tukunyar gas." Na ce eh. Ta ce, "Baba, don Allah." Na ce don Allah me? Sai ta fara kuka, na miƙa wa uwarta wayar. Kowa ya san abin da ya fi min, ni kaɗai ne ban sani ba.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Kaya sun iso. Dogo ya tsayar da tukwanen a kusurwa ya ɗaure su da sarƙa a bango, ya so ya haɗa sauran, na ce ya tafi shagonsa.

Rabon da in ji daɗi irin na yau an daɗe. Haɗa kayan gas aikin yatsa ne. Noti na gas yana da tsaga a gefensa kuma hagu ake murɗa shi, na oksijin sumul yake, dama ake yi. Na wanke hannuna tas don kada maiƙo ya taɓa bakin oksijin. Na ɗaura agoguna, na ja tiyo, na ɗaure da sifana, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Sai gwajin tsiyaya. Na ce ta kawo min ruwan sabulu a kofi, ta kawo ta tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe tukwane, na bi kowace mahaɗa na shafa kumfa, na sunkuya na duba. In akwai tsiyaya kumfar za ta riƙa kumbura tana hura ƙwai. Na bi su duka na miƙe na ce lafiya lau.

Ta ce, "Malam."

Na ce mene ne.

"Ta wajen jan tiyon nan, kusa da agogo. Tana ta hurawa."

Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa wurin. Ban gani ba. Na kai kunne, sai na ji ɗan tsit-tsit na kumfa tana fashewa. Na ɗauki sifana na ƙara matsewa, na sake shafawa, na ce, yanzu fa? Ta ce ta daina.

Na rufe tukwanen na zauna a kan benci. Da ba ta tsaya a ƙofar ba, da na ja gareji na kulle a kan gas yana zuba, gadonta kuma yana jingine da wannan bangon.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Na ce ta mayar da gadonta ɗakin yara, ai babu kowa a ciki. Ta ce ita ba ta iya barci a baƙon ɗaki. Na ɗaga murya. Ta ce, "Ka rufe tukwanen ko ba ka rufe ba?" Na ce na rufe. Ta ce to shi ke nan.

Alhamis, 20 ga wata

Na je na shafa kan tukwanen, a rufe suke. Na dawo. Na sake komawa.

Asabar, 22 ga wata, da rana

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa, ni kaina ba na iya karanta abin da na rubuta jiya.

Tabon a tsakiyar idanuna yake, duka biyun, na hagu ya fi. Ina ganin gefen komai. Ina ganin ƙofa da bango da mayafinta, amma duk abin da na kafa wa ido shi ne yake ɓacewa. Rabon da in ga fuskarta sosai tun kafin motar ta tafi. Likita ya ce ba zai rufe duka ba, kuma ba zai dawo ba. Ya faɗi na farkon kamar albishir.

A kamfani ma ba haka kawai suka ce in huta ba. Wannan labarin kam ba yau ba.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Ban kunna ba. Ina shiga in zauna, in goge agogunan da tsumma, in naɗe tiyo in warware. Maƙwabci ya leƙo ya ce ya ji an buɗe wurin walda, yana da ƙofa da ta ɓalle. Na ce masa ban gama shiri ba.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Da hantsi ta shigo garejin tana jan kujerar ƙarfen da take zama a kai a kicin. Gwiwarta ba ta barinta tsayuwa a gaban murhu, shi ya sa ba ta rabuwa da kujerar nan. Ƙafa ɗaya ta tsage daga inda ta haɗu da mazauni, an daɗe tana tokare ta da bulo.

Ta ce, "Ina da mai walda a gida ina zama a kan bulo. Ka gyara min."

Na ce ta san ba zan ga wutar ba. Ban taɓa faɗa mata da bakina ba sai yau, kuma ya fito a sauƙaƙe kamar ina tambayar gishiri.

Ta ce, "Ni zan gani. Ka faɗa min abin da zan duba."

Na kankare fentin, na daidaita ƙafar na ɗaure. Na ba ta ɗayan baƙin gilashin, ta ce ta zama kamar ɓarauniya, muka yi dariya. Na kwatanta mata tsinin da gezar. Na kunna. Ta tsaya a kafaɗata tana cewa, da saura, da saura, tana raguwa, tsaya, ta shige. Kunnena ma ya ce haka ne. Wuta ta zauna daidai a hannuna, a garejina, na ji kamar an mayar min da shekara ashirin.

Sai na sauke ta a kan ƙarfe, a nan abin ya tsaya. Walda ɗan tafkin narkakken ƙarfe ake bi, bai fi ƙwayar wake ba, ana tura shi gaba kaɗan-kaɗan ana ɗiga masa sandar walda. Yana sauyawa kafin ka ƙifta ido. Ba abin da wani zai gani ya faɗa maka ba ne, kafin maganar ta iso kunnenka ya wuce. Na bi da ƙiyasi, na bi da abin da hannuna ya tuna. Na ji tartsatsi ya yi yawa, na janye, na koma, na kai ƙarshe na kashe.

Na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Ya yi kyau, Malam. Sai ka ce sabuwa."

Na ce ta je ta ɗora shayi kafin ya huce. Da ta fita na jira, sannan na bi ɗinkin da yatsa. Farkonsa tudu ne, sandar ta taru a gefe ɗaya ba ta kama ƙafar ba. Tsakiya rami, ɗan yatsana ya shige har ciki. Na ƙone bututun ƙafar. Ko Dogo a ranarsa ta farko bai yi irin wannan ba.

Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ta dawo da shayi ta ajiye, ta ja kujerarta ta tafi da ita. Ban yi mata maganar ramin ba, na bar ta ta tafi da ita.

Alhamis, 27 ga wata, da hantsi

Na kwana da abin a raina. Da safe na ji motsin tukwane a kicin, na tashi na bi bango na shiga. Na kalli taga don in hango uwar yara ta gefe. Tana zaune a kan kujerar a gaban murhu tana juya abinci, bulon kuma babu shi.

Ta ce, "Ka ga? Ko motsi ba ta yi."

Na matsa na dafa kafaɗarta. Rawa take. Na sauke hannu zuwa gwiwarta, mai ciwon, na ji ta a sandare. Ba zaune take ba. Ta ɗora jikinta a bakin kujerar ne kawai, ƙafafunta ke ɗauke da ita, ban san tun yaushe ba, don in na shigo in same ta a kai.

Na ce, "Tashi. Ba ta kama ba, akwai rami a ciki."

Ta ce, "Na gani tun jiya."

"To me ya sa?"

Na kama ta na miƙar da ita, da ƙyar ta tsaya, ta jingina da ni har gwiwar ta saki. Abincin ya fara kamawa muna tsaye, babu wanda ya kula shi.

Na ce ta kira min Dogo ya zo da mota ya kwashi tukwanen gas ɗin. In zai zo ya biya ta layinsu ya samo wanda zai gyara mata kujerar, wanda hannunsa ya faɗa, kada ya kawo min ɗan koyo. Ta tambaya ko ta ce ya taho da ƙaramin nan na gwangwani. Na ce a'a, ba yanzu ba.

Na fita tsakar gida na lalubo bulon na kawo mata.